Gwamna zai iya kawo mana wuta mai arha daga hasken rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa da firji biyu na ƙanƙara a Gusau, kuma rabin ribata a man janareta take ƙarewa. Na ji an ce yanzu doka ta ba jihohi ikon samar da wutarsu. To me ya hana gwamnoninmu shimfiɗa sola, ga rana Allah ya hore mana? Kuma gwamna zai iya rage mana kuɗin wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki da ya cire sharaɗin da ya taƙaita jihohi ga yankunan da babban layin wuta na ƙasa bai kai ba. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Wutar Lantarki, wadda ta maye gurbin ta 2005. Tun daga nan jiha na iya ba da lasisin samar da wuta, da dakonta, da rarraba ta, da sayar da ita, muddin harkar ba ta tsallake iyakar jihar ba.

Sai dai ikon ba ya zuwa da kansa, sai jiha ta bi matakan sashe na 230 na dokar. Majalisar dokokin jiha za ta yi tata dokar, gwamna ya kafa hukumar da za ta sa ido kan harkar wuta, sannan a rubuta wa hukumar tarayya, wato NERC, da kamfanin rarraba wuta na yankin. NERC na da kwana 45 ta fitar da tsarin miƙa ragama. Kamfanin kuma na da wata biyu ya yi rajistar wani reshe da zai riƙe wayoyi da taransifomomi da kwastomomin wannan jiha kaɗai, kuma ana son a gama komai cikin wata shida. Inugu, Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, Legas ta biyo baya, a Arewa kuwa akwai irin su Neja, Filato, Kogi da Nasarawa. Jihar da ba ta bi matakan ba tana nan ƙarƙashin NERC kamar dā, ko da kuwa majalisarta ta yi doka an buga a jarida.

Raba kamfanin ma aiki ne ja. Kaduna Electric ne ke ba Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara wuta, KEDCO kuma Kano, Katsina da Jigawa. Layukan 33kV ba su san iyakar jiha ba, don haka dole a kafa mita a duk inda layi ya tsallaka, a kuma raba ma'aikata, kadarori da bashi. Wajen rabon bashin ne ake jin kansu.

Batun farashi kuwa, Inugu ta riga ta gwada mana. A watan Yulin 2025 hukumar jihar ta sanar da rage kuɗin masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga naira 209 zuwa 160 kan kowane yunit. Kamfanonin samar da wuta suka yi caa, NERC kuma ta fito ta ce jiha ba ta da hurumin karya farashin wutar da ta fito daga babban layin ƙasa: ko ta sa cikakken kuɗin sari a lissafinta, ko ta biya giɓin daga baitulmalinta. Dalili shi ne kuɗin yunit ɗaya kashi uku ne. Akwai na mai samarwa, akwai na mai dako wato TCN, akwai na mai rarrabawa. Na ƙarshen ne kawai a hannun jiha. Wutar Shiroro, Kainji, Jebba da Zungeru tana ratsa jihohi, saboda haka ta tarayya ce, ko da yake madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru a jihar Neja suke. Gwamna zai iya rage maka kuɗi ta hanya biyu: ya biya tallafi da kuɗin jiha, ko ya sa a rage asarar da ake yi tsakanin tashar rarrabawa da shagonka. Duk wanda ya yi alkawarin hanya ta uku, siyasa yake yi.

Yanzu ga sola. A Arewa, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya na ba da kimanin yunit huɗu da rabi a rana, in an daidaita rani da damina. Tashar megawat 10, irin ta Kumbotso a Kano da aka ƙaddamar a Janairun 2023, za ta ba da wajen yunit dubu 45 a yini. In ka raba wannan a awa 24, bai kai megawat biyu ba, kuma kusan duk yana zuwa ne tsakanin hantsi da la'asar. Bayan magariba, lokacin da gidaje suka fi jan wuta, babu ko yunit ɗaya sai in an sayi batir. Kowane megawat kuma yana cin fili hekta ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan ba aibu ba ne, amma in an ce maka megawat 100 na sola, kada ka ɗauka daidai yake da megawat 100 na madatsar ruwa.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Inbatar babbar tashar sola da aka jona da layin ƙasa, wato na'urar da ke juya wutar faranti ta zama irin ta layi, ba ta aiki ita kaɗai. Da zarar layi ya faɗi, sai ta kashe kanta cikin daƙiƙoƙi, don kada ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta. Ke nan a irin duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, tasha irin wannan zaune za ta yi ana ƙwalla rana, in ba a tsara ta da batir da inbatar da ke iya riƙe layi da kanta ba.

Amma babban abin da ke kashe manyan ayyukan sola a ƙasar nan shi ne rashin mai saye da za a amince zai biya. A 2016 kamfanin tarayya mai sarin wuta, NBET, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 kan megawat 1,125 na sola, galibi a jihohin Arewa, a kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Aka shiga taƙaddama kan farashi da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya, shekaru suka shuɗe filayen na nan ciyawa. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37 da jimillar megawat 10, ta haura shekara goma ana fama da ita. Banki ba ya ba da rancen shekara goma sha biyar saboda rana na da zafi. Tambayarsa ɗaya ce: wa zai biya kowane wata, kuma in bai biya ba wa za a kama? A wasu kamfanonin rarrabawa na Arewa, rabin wutar da suka karɓa ko fiye ba ta dawowa a matsayin kuɗi, saboda tsofaffin wayoyi, satar wuta, rashin mita da ƙin biya. Wanda ya zuba sola a irin wannan layi, ruwa ya zuba a kwando.

Abin da ke hannun gwamna sosai, na farko ƙasa ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa masa ita, don haka zai iya keɓe fili kusa da tashar taransifoma, ya biya manoma diyya, ya ba da takardar mallaka cikin makonni. Na biyu shi ne bil ɗin gwamnati kanta. Hukumar ruwa, asibitoci, sakatariya da manyan makarantu su ne manyan kwastomomin kowace jiha, kuma da rana suke jan wuta, daidai lokacin sola. In jiha ta haɗa su wuri ɗaya ta yi gwanjo a fili, ta ce wa zai sayar mana da yunit mafi arha na shekara goma sha biyar, ta kuma ba da umarnin cire kuɗin kai tsaye daga kasonta na wata, masu zuba jari za su zo da kuɗinsu. Jiha ba ta bukatar mallakar faranti ko ɗaya. A ganina wannan ya fi gwamnati ta ba da kwangilar gina tasha ta riƙe da kanta, domin ɗan kwangila ranar yanke kyalle ake sallamarsa, mai sayar da yunit kuwa ba ya ganin kwabo sai wuta ta zo.

Ga kasuwanni da unguwannin masu sana'a irinka, abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar tashar unguwa. A ƙa'idar NERC ta 2023, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat ɗaya kuma sai da izini. Akwai nau'in da ake jonawa da layin kamfani bisa yarjejeniyar ɓangare uku: mai tasha, jama'ar unguwa, da kamfanin rarrabawa. Da rana sola, da dare wutar layi in akwai, in babu batir ko janareta. An yi irinta a Toto ta jihar Nasarawa da Zawaciki a Kano. Yunit ɗinta yakan fi na layi tsada, amma ka gwada shi da janareta: litar dizal ɗaya yunit uku zuwa uku da rabi take bayarwa, ban da bakin mai da gyara. Raba kuɗin lita da uku, ka ga abin da kake sayen yunit yanzu.

Ɓangaren da gwamnoni ba sa so, don babu abin ƙaddamarwa a cikinsa, shi ne tsimin wuta. Ɗauki misalin gari mai fitilun titi dubu goma, kowace wat 250, suna ci awa 12. Yunit dubu 30 ke nan a dare. A canza su da LED mai wat 100, hasken bai ragu ba, cin ya koma dubu 12. Yunit dubu 18 da aka tsira da su kullum sun kai abin da tashar sola mai megawat huɗu za ta bayar, ba tare da fili ko batir ba, kuma a farashin Band A sun haura naira miliyan uku da rabi kowane dare. Haka fanka: tsohuwar ta sili na cin wat 75, sabuwa mai injin tsimi kimanin 30. Ingancin kayan da ake shigowa da su ƙasa aikin hukumar SON ne, amma babu abin da ya hana jiha ta rubuta a dokar sayayyarta cewa ba za a ƙara saya wa ofis, aji ko ɗakin jinya fanka, ƙwan fitila ko na'urar sanyaya ɗaki da ba ta kai wani mizani ba.

Gine-gine ma haka. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gini, wadda ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai da inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta kasance mai inbata. Amma amincewa da taswirar gini aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, don haka ƙa'idar ba ta da haƙori sai jiha ta sa ta cikin sharuɗɗanta. Magina na dā da suka yi soro mai kaurin bango da ƙananan tagogi sun san wannan ba tare da takarda ba. Mu ne muka koma gilashi ta fuskar yamma da kwano babu sili, sannan muka sayi na'ura mai cin wat dubu da ɗoriya tana kokawa da zafin da muka gayyato.

Inda solar gwamnati ke mutuwa sananne ne. Batir mai ruwan asid, duk ƙarin zafi na digiri goma sama da 25 yana raba rayuwarsa biyu, to ka ƙiyasta wanda aka kulle a akwatin ƙarfe a rana cikin watan Afrilu. Shi ya sa fitilun titi na sola ke mutuwa a shekara ta biyu. Farantin kansa in ya kai digiri 65 yana rasa wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ƙurar hunturu kuma sai an wanke ta aƙalla mako-mako, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Kwangilar da ba ta ƙunshi batir na litiyam, kulawar shekara biyar, mai gadi, ruwan wanki, da riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai mita ta nuna yunit ɗin da aka yi alkawari ba, asara ce tun daga takarda. Kuma a tabbata hukumar NEMSA, mai duba ingancin ayyukan lantarki, ta duba aikin kafin a kunna.

Kai kuma Malam, ba sai ka jira majalisa ba. Niƙa aikin rana ne, don haka zai iya tafiya da sola babu batir. Matsalar ita ce motar lantarki ta injin niƙa mai doki goma, wato kilowat bakwai da rabi, tana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na wutarta a lokacin tashi, abin da ke ƙona inbatar gida. Maganinsa na'urar da ke tayar da mota a hankali, irin wadda ake sa wa famfon burtsatse na sola, da faranti kimanin ashirin masu wat 550. In injinka na dizal ne mai bel, sai an fara canza shi da motar lantarki mai layi uku. Firjin kuma ka ba su wuta tun daga hantsi su daskare, ka sa su a inuwa nesa da bango da taƙi ɗaya, ka duba robar murfi. Kafin ka sayi komai, ka sa mai gyaran wuta ya auna abin da kowace na'ura ke ja na mako guda, ka kuma rubuta litar man da kake sha kullum, domin da waɗannan alƙaluma biyu ne za a fitar maka da girman kayan da shekarun da za su mayar da kuɗinsu.