Mota mai fetur da lantarki: riba ko asara ga kamfani?

Malam, kana tambaya ko irin wannan motar za ta rage wa kamfaninku kashe kuɗi. Ya danganta da hanya. A cunkoson gari tana tsimin mai sosai, domin taka birki ma caji yake ƙara wa batir. A doguwar tafiya kuwa bambancin kaɗan ne.

Babban batirin ne mai cin kuɗi, kuma zafi ke kassara shi, don haka a riƙa share ƙurar fankarsa. Wayoyin lantarkin motar masu launin ruwan lemo kuwa, wuta mai ƙarfi suke ɗauke da ita, kada a taɓa su sai ƙwararre.

Abin da ake mantawa: allon motar yana adana lambobin waya da wuraren da aka je. Ku goge kafin sayarwa, ku tuntuɓi lauya kan dokar kare bayanai.