Amsar tambaya kan Kemi Badenoch

Assalamu alaikum jama'a. Malam, ka tambaya ko an ba Kemi Badenoch shugabancin jam'iyyar Conservative ne don kawai Turawan Ingila su nuna wa duniya cewa ba sa wariyar launin fata. Gaskiya ban ga haka ba, domin abin da ya ɗaga ta shi ne tsattsauran ra'ayinta, wanda ya yi daidai da na riƙaƙƙun 'yan jam'iyyar.

An haife ta a Wimbledon a 1980, ta tashi a Legas, sannan ta koma Ingila tana da shekara 16, inda har ta yi aiki a McDonald's kafin ta karanta injiniyancin kwamfuta a Jami'ar Sussex. Ta shiga majalisar birnin Landan a 2015, ta ci kujerar majalisar dokoki ta Saffron Walden a 2017. Amma inda ta yi suna shi ne lokacin da take ministar daidaito, domin a nan ta fito ƙarara ta ƙi yarda da masu cewa an gina Birtaniya ne a kan wariya, kuma baƙar mace ta faɗi haka a zauren majalisa ba ƙaramin abu ba ne a wurin magoya bayan jam'iyyar. Da Firaminista Boris Johnson ya sauka a 2022 ta nemi kujerarsa, ta zo ta huɗu, Liz Truss da ta ci kujerar ta ba ta ma'aikatar cinikin ƙasa da ƙasa, Rishi Sunak da ya gaji Truss kuma ya ƙara mata da ta kasuwanci.

Ranar 2 ga Nuwamba 2024 'yan jam'iyya suka zaɓe ta a kan Robert Jenrick, sai dai gidan da ta gada rusasshe ne, tun da kujeru 121 kacal suka tsira da su a zaɓen Yuli, ga kuma Nigel Farage da jam'iyyarsa ta Reform suna yashe musu magoya baya.

Mu 'yan Arewa kuwa ba mu manta ba cewa a Disamban wannan shekarar ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har ta haɗa mu da Boko Haram. A watan ne Kashim Shettima ya ce idan ba ta alfahari da Najeriya, tana iya cire Kemi daga sunanta. Ƙuri'un da take nema suna Essex ne, yankin da mazaɓarta take a Ingila, kuma da su take magana.