Tafiyar ƙafa kullum: nawa ce ta isa, kuma me take yi wa jiki da zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 47, aikina na zama ne, daga safe har yamma ina kan kujera. Da aka auna ni, likita ya ce jinina ya fara hawa, sukari ma yana bakin iyaka, ya ce in riƙa tafiya a ƙafa kullum. Ga shi barci ba ya ɗaukata da wuri, tunani ya yi min yawa. Shin tafiya kaɗai za ta yi wani abu, ko sai na haɗa da gudu? Kuma da gaske ne sai mutum ya yi taku 10,000 a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tafiya za ta yi, ba sai ka yi gudu ba. Sai dai tafiya suna ta tara. Akwai wadda ake yi ana jan ƙafa ana kallon gefen hanya, akwai kuma wadda take sa jini ya zaga, kuma ita likitanka yake nufi. Kamar magani take, tana da awo, tana da lokaci.

Awon shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020: babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Ba dole ne ka yi su a zama ɗaya ba. Minti 10 sau uku ma sun shiga lissafi. Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne saurin. Ka duba agogo, ka ƙirga takunka na daƙiƙa 15. In ka samu 25, to kana yin taku 100 a minti, kuma nan ne matsakaicin sauri yake farawa ga yawancin manya. In babu agogo, numfashinka zai gaya maka: kana iya yin magana da na kusa da kai, amma in aka ce ka rera waƙa ba za ka iya ba. Jiki ya ɗumama, gumi ya ɗan tsattsafo a goshi.

Shi kuwa taku 10,000, asalinsa talla ne. A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata sunan da ke nufin ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. Binciken da ya biyo baya ya nuna amfanin yana farawa tun ƙasa da haka sosai. Wanda masana a Jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 a kan mata tsofaffi ya gano cewa masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma ribar ta ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Ga mai shekarunka, taku 8,000 buri ne mai kyau. Amma wanda ya tashi daga 3,000 ya kai 5,000 ya riga ya ci babbar riba, don haka kada lambar ta karya maka gwiwa.

Batun sukari shi ne inda muke so ka fi mai da hankali. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne mafi girma a jiki, kuma idan suna aiki suna zuƙe sukari daga jini kai tsaye, ko da insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka, bai wadata ba. Shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 jim kaɗan bayan cin abinci take rage hawan da sukari yake yi a lokacin. Mutum ya ci ya ƙoshi da dare ya miƙe a kan kujera, sukarin yana yawo a jini babu mai karɓarsa. In ya tashi ya zaga, tsoka ta kwashe. Bayan an gama tafiyar ma jiki yana ci gaba da jin insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan sai abin ya dushe. Dalili ke nan da ya sa ba a so ka jera fiye da kwana biyu ba ka taka ba. Tara tafiyar mako guda a yi ta ranar hutu ya fi babu, amma ga mai matsalar sukari bai kai ta kullum ba.

Hawan jini yakan sauka da kusan maki 4 zuwa 5 a lambar sama ta awon jini bayan makonni ana tafiyar, domin jijiyoyin jini suna ƙara laushi suna buɗewa. Ga wanda jininsa ya fara hawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an riga an ɗora ka a kan magani, kada ka daina sai likita ya ce. A wurin aiki kuma, ka riƙa miƙewa duk bayan minti 30 ka yi 'yan takun minti biyu, saboda tsokar sha-raɓa ita ce ke tura jinin ƙafa ya koma zuciya, kuma dogon zama yana kashe mata aiki.

Kada ka sa ido a kan sikeli. Tafiyar minti 30 tana ƙone kusan kalori 150 ne kawai (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne) ga matsakaicin mutum, nauyi ba zai zube da sauri ba, kuma a nan da yawa suke yin fushi su bari. Ka auna ƙugunka da tef daidai cibiya sau ɗaya a wata. Kitsen ciki, wanda ya fi haɗari, yakan ragu tun sikeli bai motsa ba.

Game da barci da yawan tunani, ka ware tafiya ɗaya da safe a waje. Hasken safiya da ke shiga ido shi ne ke saita agogon jiki, ya sa barci ya zo a kan lokaci da dare. Motsin kansa yana sassauta ɗaurewar jiki da damuwa take kawowa, kuma mutane da yawa suna jin sauƙin rai tun a minti 10 na farko. Ka bar waya a aljihu, ka ɗaga kai, ka bar ido ya yi nisa. In ka samu abokin tafiya ya fi, don hira tana rage nauyin zuciya, kuma da wuya ka fasa in wani yana jiranka. Amma in baƙin ciki ya wuce mako biyu, abin da kake so ya daina ba ka sha'awa, abinci ya fita daga ranka, wannan na likita ne. Tafiyar ta zama ƙari a kan magani.

Ka fara da minti 10 a rana a makon farko, ka riƙa ƙara minti 5 duk mako har ka kai 30. Minti 3 zuwa 5 na farko da na ƙarshe a yi su a hankali. Masu zumuɗin awa guda a ranar farko su ne ke kwana da ciwon ƙwauri ko ciwon diddige da safe, a mako na biyu kuma ba a sake ganinsu. Takalmi ya zama rufaffe mai taushin ƙasa, da rata kamar faɗin babban yatsa a gabansa. Silifas yana sa yatsu su ƙanƙame, tafin ƙafa ya gaji. Kada ka tsawaita taku don neman sauri, ka gajarta shi ka yawaita, hannu yana lilo. Ciwon gwiwa mai sauƙi ba ya hana tafiya: guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, motsi ne ke kai masa abinci daga ruwan gaɓa. In gwiwar ta kumbura ko ciwon ya kwana ya wuni, ka rage, ka zaɓi shimfiɗaɗɗen wuri.

Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu bayan kowace tafiya, domin ƙaramin rauni yana iya ɓoyewa ba a ji ba. Mai allurar insulin kuma ya riƙe wani abu mai zaƙi saboda faɗuwar sukari. In kana cikin tafiya ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti ba tare da jinkiri ba.