Amsoshin Tambayoyinku: Wane Maratayi Zai Riƙe Kyamara Mai Nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoton biki da hawan Sallah a Kano. Canon 5D Mark IV nake riƙewa, kwanan nan na ƙara mata lens 70-200 f/2.8. Maratayin da ya zo cikin kwali yana cin wuyana, in na yini a wurin kamu sai na kwana ina shafa man zafi. Na ga abokan sana'a da irin wanda ake saɓawa a kafaɗa ya gitta ƙirji, kyamara na reto a kwankwaso. Sai dai gabana faɗuwa yake in na ga kayan miliyoyi rataye da noti ɗaya. Abin yarda ne kuwa? Daga mai hoto a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam. Faɗuwar gabanka tana kan hanya, ɗan'uwa, amma bari mu fara da awo. Kyamarar nan da batir da kati giram 890 ce, lens ɗin kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi. In ka ɗora falas, kana yawo da abin da ya tasam ma kilo 3, duk a kan ƙashin wuya. Maratayin gicciye yana mayar da nauyin kan kafaɗa da baya, kamar dai hamilar takobin mahayan da kake ɗauka ranar Hawan Daushe. Don haka shawarata ka koma gare shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, da wuya ka ji an ce ɗamarar kanta ta tsinke. Kyamara daga mahaɗa take faɗuwa: noti ya warware, ƙugiya ta buɗe, ko siririn zobe ya miƙe. Mai shago zai miƙo maka soson kafaɗa ka taɓa ka ji laushi. Kai kuwa juya kayan, ka dubi ƙarfen da ke ƙasa.

Irin na kamfanin BlackRapid, da masu kwaikwayonsa, noti ne ake ɗaurawa a ramin da ke gindin kyamara, wanda ake kafa ta da shi a kan tirayfod. Ramin ma'auninsa ɗaya ne a kusan kowace kyamara, kwatan inci, shi ya sa kowane noti ke shiga, nagari da na banza. Nagarin yana da roba a wuyansa wadda ke hana shi juyawa. Ka ɗan jiƙa robar kafin ka ɗaure, ka matse da hannu sosai. Ƙugiyar kuma lallai ta zama mai makulli, wadda ake murɗawa ta rufe baki. Duk da haka noti noti ne: kyamara na reto, kana tafiya, tana juyawa, a hankali yake kwancewa. Ni kaina na gani. Wata shekara a tsakiyar taron ɗaurin aure na kai hannu kwankwaso, sai na ji kyamarar ta zauna a tafina, saura zagaye ɗaya notin ya fita. Tun ranar, duk sanda zan ɗaga kyamara sai babban yatsana ya fara taɓa notin.

Peak Design sun bi wata hanya. Nasu 'yan maɓallai ne masu madaukin zare, ana zura su a kunnen kyamara ko a farantin gindi, a maƙala wa maratayin a wuri biyu. Kamfanin ya ce kowane maɓalli na ɗaukar kilo 90, kuma zaren yana da wani launi a ciki, da zarar ya leƙo ka san lokacin canji ya yi. Amma ka sani a 2018 su da kansu suka janye wani samfurin maɓallan saboda zaren na saurin cinyewa, suka sauya wa mutane. In na hannu za ka saya, sayi sababbin maɓallai daban. Akwai kuma na uku, mai suna QD, wanda aka aro daga maratayin bindiga: ƙarfe ne da ke shiga rami ya kulle, ba ya fita sai an danna tsakiyarsa. Ni shi na fi natsuwa da shi ga kaya masu nauyi, illarsa sai ka ƙara sayen faranti mai irin ramin.

Yanzu ga inda da yawa ke kuskure. Da lens irin naka, kada ka rataya daga jikin kyamara. Lens ɗin ya fi ta nauyi, in ka yi haka kilo ɗaya da rabi ne ke jan bakin da suka haɗu, yini guda. Wannan zoben mai ƙafa da ke tsakiyar lens ɗin, a nan za ka ɗaura. Kayan za su kwanta daidai a jikinka, ba za su riƙa dukan cinya ba. Sai dai hakan na da tasa matsalar: maɓallin cire lens na iya gogar bel ko waya a aljihu ya dannu, kyamarar ta juya ta sulluɓe, a bar ka da lens a rataye. Maganinsa 'yar igiyar tsaro, daga kunnen kyamara zuwa jikin maratayin. Kuɗinta bai kai na katin ajiya ba. Ka tabbata ba a kan notin nan ka maƙala ta ba, in ba haka ba tare za su tafi.

Wurin gwaji, je da kayanka cikakku. Tsawon ya zama hannunka na sauka kan mariƙin kyamara ba tare da ka sunkuya ba. Nemi mai ɗan maɗaurin da ke bi ta hammata, shi ke hana soson zamewa baya, musamman a kan shadda mai santsi. Ka duba 'yan takunkumin da ke tsayar da kyamara wuri ɗaya, don in ka durƙusa gaida manya kada lens ya riga ka kai gaisuwa ƙasa.

Tambaya: Malam, kyamara biyu nake aiki da su a bukukuwan mata. Maratayi na asali ya yi mini tsada. In kai wa baduku ya ɗinka mini na fata? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ga kyamara biyu kada ki gitta maratayi biyu a ƙirji, za su sarƙe. Nemi mai kafaɗa biyu da ake sawa kamar jakar goyo, kyamara ɗaya a kowane gefe. Ya fi sauƙin sha'ani da mayafi ma.

Batun baduku kuwa, ban raina ba ko kaɗan. HoldFast na Amurka da fata suke yin nasu, suna sayarwa da tsada, kuma dukawanmu ba baƙin ɗinkin linzami da ɗamarar sirdi ba ne. Amma ki raba aikin biyu. Fata da ɗinki nasa ne: fatar shanu mai kauri, ba ta akuya ba, ɗinki biyu da ƙusa a duk inda zobe ya zauna. Ƙarfen kuwa ke za ki kawo, ki sayi noti da ƙugiya na asali ko da su kaɗai ne. Ƙugiyar jakar hannu da ake samu a kasuwa yawanci narkakken ƙarfe ce, ba ta lanƙwasa ta yi miki gargaɗi, karyewa take farat ɗaya. Kafin ki amince masa da kyamara, rataya masa galan mai lita 5 cike da ruwa, ki yi ta girgizawa, ki bar shi ya kwana a haka. Da safe ki bi ɗinkin da ido. Lokacin hunturu kuma ki riƙa shafa wa fatar mai, ki kaɗe ƙurar da ke shiga makullin ƙugiya, don ita ke hana shi rufuwa har ƙarshe.