Ciyawa mai kama da alkama ta ƙi jin feshi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fesa maganin ciyawa 2,4-D a gonar alkamata, ciyayi masu faɗin ganye duk sun mutu amma akwai wata mai kama da alkamar sak, ko gezau ba ta yi ba. Maganin ne jabu ko in ƙara yawansa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kar ka ƙara, maganin ya yi aikinsa. Shi 2,4-D dama na masu faɗin ganye ne kawai, shi ya sa ma bai taɓa alkamarka ba, to ita waccan ciyawar dangin alkama ce ta yaya zai kashe ta? Irinta sai magunguna irin su clodinafop ko pinoxaden tun tana ƙarama, in ta girma kuɗinka kawai za ka zubar. Kuma shi 2,4-D ɗin lokacinsa sa'ad da alkama ke yin 'ya'ya ne, wato fitar da sababbin tsirrai daga gindinta, wajen kwana 30 zuwa 35 da shuka, in ka makara har ta fara ɗaukar ciki zai iya ɓata zangarniya.

Amma gaskiya yaƙin nan tun kafin shuka ake cin sa. Ka yi ban ruwa, ka bari ciyawa ta tsiro, sai ka bi ta da haro sama-sama sannan ka shuka. Sama-sama fa na ce, don huɗa mai zurfi a lokacin tono maka irin ciyawar da ke kwance a ƙasa za ta yi, ka koma gidan jiya. Bayan shuka da kwana ɗaya zuwa uku, kafin komai ya fito, ana fesa maganin pendimethalin mai hana ciyawa fitowa, sai dai in ƙasa ba laima ba ya kamawa sosai.

In kana da karan shinkafa ka shimfiɗa a gonar maimakon ƙonawa, yana tare wa irin ciyawa haske kuma yana riƙe danshi, amma kar ka jibga shi da kauri har tsiron alkama ya kasa ɓullowa.

Sannan ka riƙa sauya magani. A Indiya manoma sun yi ta fesa magani ɗaya mai suna isoproturon shekara da shekaru, zuwa farkon shekarun 1990 ciyawar Phalaris minor, wadda ita ma ke kama da alkama, ta daina jinsa. Wadda ta tsira a gonarka bana kuwa, cire ta da hannu kafin ta zubar da iri.