American Football: ƙungiyar ɗalibai da ta watse kafin duniya ta ji ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan cin karo da hoton wani farin gida da dare a YouTube, da suna American Football a jiki. Na saurara, kiɗan jita ne mai sanyi, ya kuma shige ni ƙwarai. Wani abokina ya ce masu shi ba su daɗe ba suka watse. Su wane ne, me ya raba su, kuma ta yaya har yanzu ake jin su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai labarin bai tsaya a nan ba.

American Football ƙungiya ce ta samari uku da suka haɗu a 1997 a garin Urbana na jihar Illinois, kusan kilomita 200 kudu da Shikago a Amurka. Urbana da maƙwabciyarta Champaign garuruwan jami'a ne, kuma karatu a Jami'ar Illinois ne ya tara su a can. Mike Kinsella ke rera waƙa yana kaɗa jita, Steve Holmes na riƙe da jita ta biyu, Steve Lamos kuma na kan ganguna, wani lokaci ya ɗauki ƙaho ya busa. Kinsella da Holmes abokai ne tun makarantar sakandare a Wheeling, wajen Shikago. Kinsella ba baƙo ba ne a harkar, domin tun yana yaro shi ke buga ganguna a Cap'n Jazz, ƙungiyar da yayansa Tim ke wa waƙa.

Irin kiɗansu shi ake kira indie rock, wato na masu zaman kansu waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. A wancan lokaci kowane garin jami'a a tsakiyar Amurka yana da irin waɗannan ƙungiyoyi birjik, suna wasa a ɗakunan ƙarƙashin gida da ƙananan wuraren shaƙatawa, akasari gaban abokan karatunsu. Mafi yawansu ko sunansu ba a tunawa yau.

Abin da suka bari a zamansu na farko kaɗan ne: ƙaramin faifai mai waƙoƙi 3 a 1998, sai cikakken kundi mai waƙoƙi 9 a watan Satumbar 1999. Duka biyun Polyvinyl ne ya fitar, wani ƙaramin kamfani na jihar. An naɗi kundin cikin kwana 4 a wani situdiyo da ke Urbana, a hannun Brendan Gamble.

To me ya raba su? Ba faɗa ba ne, ba kuma rigimar kuɗi ba. Karatu ne ya ƙare. Suna shiga situdiyo sun riga sun san cewa Kinsella da Holmes za su tattara kayansu su bar garin, don haka naɗin ya zama kamar ajiye abin da suka yi kafin kowa ya kama gabansa. Ba su yi yawon tallata kundin gari-gari ba kamar yadda aka saba, kuma zuwa 2000 ƙungiyar ta zama tarihi. Kinsella ya ci gaba da waƙa shi kaɗai da sunan Owen, Holmes ya kama aikin ofis, Lamos kuma ya bi hanyar koyarwa har ya zama malami a Jami'ar Colorado da ke Boulder.

Ni a ganina wannan sanin da suka yi cewa rabuwa ta zo shi ne ƙarfin kundin. Kusan duk waƙoƙin a kan bankwana suke, da soyayyar da ta kai ƙarshe, da ƙarewar bazara. Kinsella bai kai shekara 23 ba a lokacin, muryarsa ma ba ta gama zama ba, wani wuri har ka ji tana rawa. Masu sukar kundin suna kama wannan, ni kuwa nan ne nake jin gaskiyar abin, domin yaro ne yake faɗin damuwar da yake ciki a daidai lokacin da yake cikinta.

Ka sake saurarar waƙar farko, Never Meant, da abin ji a kunnuwa biyu. Za ka lura jitocin ba sa buga abu ɗaya. Kowacce an ɗaure tsirkiyoyinta a wani sauti dabam da wanda aka saba, ɗaya na shiga inda ɗaya ta bar gurbi, kamar mata biyu na lugude a turmi guda. Ba su cika sautin da ƙara da amo ba irin na takwarorinsu na lokacin, sun bar shi garau, kana jin kowace tsirkiya. Sun ce sun ɗauki darasi daga Steve Reich, mai tsara kiɗa da ya shahara da maimaita ɗan gajeren sauti har ya riƙa sauyawa a hankali. Lamos kuma kunnensa ya sha kiɗan jaz, shi ya sa gangarsa ba ta tafiya a miƙe, kuma ƙahonsa kan shigo a wurin da kake jiran a ci gaba da rera waƙa. Biyu daga cikin waƙoƙin ma babu murya a cikinsu sam.

Batun yadda suka yi suna bayan watsewa, abu biyu ne. Na farko, Polyvinyl bai daina buga faifan ba, ko da masu saye ba su da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙungiyoyi da dama na wancan zamani sun ɓace ne kawai saboda kamfaninsu ya rufe, faifan ya ƙare a kasuwa. Na biyu kuma intanet. Matasa suka riƙa tura wa juna waƙoƙin, sababbin ƙungiyoyi suka fara kwaikwayon salon jitar, har aka wayi gari ana ɗaukar kundin a matsayin ginshiƙin salon da ake kira Midwest emo. Duk wannan ya faru masu shi suna can suna neman abincinsu da renon 'ya'ya.

A 2014 aka sake fitar da kundin da ƙarin wasu tsofaffin naɗe-naɗe. Masu saye suka yi wa shafin kamfanin yawa har ya tsaya, kuma ya kai mataki na 68 a Billboard 200, jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, abin da bai ko kusanta ba a 1999. A shekarar ce suka sake haɗuwa, tare da ɗan'uwan Mike, Nate Kinsella, a kan jitar bes. Suka yi wasa a Champaign-Urbana, sannan dare 3 a zauren kiɗa na Webster Hall da ke Niyok, tikiti ya ƙare ƙaf. Sun fitar da sabon kundi a 2016, wani kuma a 2019.

Gidan da kake gani yana kan titin High a Urbana, kuma Chris Strong ne ya ɗauki hoton. Babu ko ɗaya daga cikin mawaƙan uku da ya zauna a ciki, gidan hayar ɗalibai ne kawai. Amma masoya suka mayar da shi wurin ziyara, suna zuwa daga nesa su ɗauki hoto a gabansa. A 2023 ƙungiyar da Polyvinyl da Strong da wasu abokansu suka haɗa kuɗi suka saye shi don kada a rushe.

Idan za ka bi su, fara da kundin 1999 daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba, minti 40 ne da ɗan ɗoriya. Daga nan ka wuce na 2019, wanda a wurina ya fi na 2016 nisa, domin a nan ne suka daina waiwayen ƙuruciya suka yi waƙa a kan aure da zama uba.