Na sayi tsohuwar dalar azurfa ta fito jabu, me doka ta ba ni?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na daɗe ina tara tsoffin sulalla. Wata bakwai da suka wuce na sayi dalar Morgan ta Amurka mai shekarar 1889 da alamar CC, wato ta ma'aikatar buga kuɗi ta Carson City, a hannun wani mutum ta intanet. Abin da ya rubuta a tallarsa shi ne: "1889-CC, gadon mahaifina ce, ni ba masani ba ne, kuma ba a mayar da kaya." Na tura ta kamfanin tantancewa, suka ce manna harufan aka yi. Da na tuntuɓe shi sai ya ce ai ya auna ta, ya gwada ta da maganaɗisu, ciniki ya ƙare. So nake 'yan sanda su kama shi, ya biya ni kuɗin da ta gaske ke yi yau, in kuma fallasa shi da sunansa. In duk ya gagara, zan iya sayar da ita yadda na saye ta?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, ba ka faɗi tasa ba, kuma doka tana canzawa daga wuri zuwa wuri, don haka ka ɗauki maganata a matsayin haske kafin ka zauna da lauyan inda kake.

Zan fara da inda nake ganin ka ɗauki abin ba daidai ba. A wurinka, tunda dalar jabu ce, mai sayarwa ɗan damfara ne. A wurin doka ba haka lissafin yake ba. Kusan ko'ina, kafin a kama mutum da laifin zamba sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa ya san kayan jabu ne, ko ya rufe idonsa da gangan, kuma ya yi niyyar yaudara. Takardar da ke hannunka ta nuna halin dalar ne kawai. Ba ta ce komai a kan abin da ke zuciyarsa ba.

Kuma irin jabun da ka faɗa wa yana ba shi mafaka sosai. Ma'aikatar buga kuɗi ta Carson City guda 350,000 kacal ta buga a 1889, ita kuwa ta Filadelfiya, wadda ba ta sa alama, ta buga sama da miliyan 21 a shekarar. Sai maƙeran jabu su ɗauki ta Filadelfiya ta gaske, su liƙa mata CC a baya, ƙarƙashin gaggafa. Ka ɗora ta a ma'auni ta ba ka giram 26.73, faɗinta milimita 38.1, azurfarta kashi 90 cikin ɗari, maganaɗisu ba ya kama ta. Sai an sa ta ƙarƙashin gilashin ƙara girma ake ganin ɗan layin haɗi ko sauyin launi a gefen harufan. Wato zancensa na awo da maganaɗisu yana iya zama gaskiya tsantsa, ko da yake bai amsa maganar manna harufan ba, kuma ina zargin shi ma ya san haka. Kana da damar kai rahoto, musamman in ka gano ya sayar wa wasu irin wannan "gadon" sau biyu ko uku, don a nan maganar niyya ke fara samun ƙafa. A Amurka sauya sulalla da nufin yaudara laifi ne na tarayya. Amma 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, kuma sau da yawa za su ce maka rigimar ciniki ce, ka tafi kotu.

Ƙarfinka yana ɓangaren ciniki, inda galibi ba sai ka nuna mugun nufi ba. Tambayar a can ita ce: me aka siffanta, me aka ba ka? Ya rubuta 1889-CC, abin da ya iso ba 1889-CC ba ce. A Amurka siffar da aka gina ciniki a kanta ana ɗaukarta alkawari a dokar kasuwanci ta jihohi. A Ingila dokar kare masu saye ta 2015 ta ce kaya ya dace da siffarsa, amma tana aiki ne in ɗan kasuwa ya sayar maka, kuma damar mayarwa kai tsaye kwana 30 ce. In mutum ne kawai ya sayar da nasa, tsohuwar dokar sayar da kaya ta 1979 ce, ita ma ta yi maganar siffa. Wannan "ba a mayar da kaya" da ya maƙale wa, a yawancin wurare yana kare shi ne daga mai sayen da ya sauya ra'ayi. Da wuya kotu ta karanta shi a matsayin izinin ba ka wani abu daban da wanda ka biya.

Sai dai kada ka yi murna tukuna, akwai kalmomi biyar a tallarsa da za su ba lauyanka aiki: "ni ba masani ba ne." Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta taɓa duba makamancin haka a shari'ar Harlingdon da Christopher Hull. Zane aka sayar da sunan Gabriele Münter, mai sayarwa ya faɗa ƙarara cewa bai san aikin wannan mai zane ba, mai saye ya duba ya yanke wa kansa hukunci, zanen ya fito jabu, kotu ta ce bai dogara da maganar mai sayarwa ba, ya yi asara. 'Yan kasuwa ne su biyun, kai kuwa daga hoto ka saya ba ka riƙe ta a hannu ba, wannan bambanci ne mai amfani gare ka. Amma ka ce ka daɗe a harkar, to ka sa rai zai ce kai ne gwani, shi ne baƙo. Ba zan iya ce maka ga inda alƙali zai karkata ba sai na ga tallar da saƙonninku kalma bayan kalma.

Akwai dokar da Amurka ta yi a 1973 don masu wannan sha'awa, wadda ta wajabta buga kalmar COPY a jikin duk sulen kwaikwayo, aka ƙarfafa ta a 2014 har ta kai ga masu sayarwa. In mutumin a can yake, lauya zai duba ko za ta yi maka aiki. In ba a can yake ba, ka manta da ita.

Maganar biyan ka farashin yau kuwa, ka sassauta buri. A wasu dokokin ana iya neman ratar da ke tsakanin darajar abin da aka alkawarta da abin da aka bayar, amma sai ka kawo masani ya yi shaida, ka biya shi, ka biya lauya, sannan ka yi fatan wanda ka kayar yana da abin da za a karɓa. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne a warware cinikin: ka mayar masa da dalarsa, ya mayar maka da kuɗinka, wataƙila har da na tantancewa da na aikawa. Shi ma wannan lokaci na cinye shi. A shari'ar Leaf ta 1950 a Ingila, mutumin da ya gano bayan shekara biyar cewa zanen da ya saya ba na mai zane John Constable ba ne an ce masa ya makara. Wata bakwai ba shekara biyar ba ne, amma daga ranar da takardar tantancewa ta iso kowane mako na jinkiri hujja ce gare shi. Wa'adin ƙorafi a shafin da kuka yi ciniki da na bankin katinka ya fi haka gajarta, mai yiwuwa ya wuce, duk da haka ka tambaya yau.

Fallasa shi da suna, ban ba ka shawara ba. In ka rubuta "ɓarawo" ko "ɗan damfara" ka yi iƙirarin niyyar da na ce ba ka da hujjarta, kuma garin neman gira sai ka rasa ido, ya juyo da ƙarar ɓata suna. Za ka kuma kashe abin da ya fi tsoro, wanda shi ne zai kawo shi teburin sulhu.

Tambayarka ta ƙarshe ce ta fi damu na. A'a, ba za ka sayar da ita yadda ka saye ta ba. Shi yana iya cewa bai sani ba, kai kuwa takarda na hannunka, sanin da ake wahalar tabbatarwa a kansa a kanka ya riga ya tabbata. Ko da ka rubuta gaskiya a talla, wasu ƙasashe na da ƙa'ida kan riƙe ko sayar da irin wannan kaya, sai ka tambaya tukuna.

Ka bar dalar cikin ledar da aka dawo maka da ita, kada ka goge, kada ka kankare harufan don ka gani da idonka. Hoton talla, rasit, saƙonni da takardar tantancewa, ka san sai an adana su. Sannan lauya ya rubuta masa wasiƙa ɗaya mai sanyi, ba zagi ba barazanar kamu: ga abin da ka siffanta, ga abin da masana suka samu, ga kwana 14 ka karɓi kayanka ka mayar da kuɗi. Ka buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa, ka yarda a rubuce cewa mai yiwuwa shi ma bai sani ba, ka ba shi zaɓin a sake tura ta wani kamfanin tantancewa, PCGS ko NGC, wanda sakamakon bai goyi bayansa ba ya biya. In ya yi tayin biya kashi-kashi, ko ya ce kuɗin aikawa a kanka, ka saurare shi. In kuna ƙungiyar masu tara sulalla ɗaya, ko akwai mai shiga tsakani da kuka amince da shi, ku je can kafin kotu. In ya yi shiru har wa'adin ya cika, sai ka kai wa lauyanka takardun, ku fara da tambaya biyu: a wace ƙasa za a shigar da ƙarar, kuma yana da abin da za a kama a can?